Gimbiya Shalot: 'Yar Sarkin Da Aka Kai Rasha Ta Rasu Tana Da Shekara 21

A Mindif ko Garwa in aka ambaci Jamus, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne sojojin da suka ci Garwa a 1901, da Dominik wanda ya yaƙi Marwa a 1902. To amma shekara ɗari biyu kafin nan, Jamus ba ƙasa ɗaya ba ce. Ƙananan masarautu ne rututu, kowace da sarkinta, kamar yadda Mindif da Bogo da Marwa kowace ke da lamiɗonta. Ƙaramin sarki kuwa in ba shi da dakaru, 'ya'yansa mata su ne jarinsa.

A irin wannan gida aka haifi Shalot Kiristin a garin Wolfenbutel, a watan Agustan 1694. Kakanta Anton Ulrik ne ke sarauta, mutum mai dogon buri. A 1708 ya aurar da yayarta Elizabet ga Yarima Kal na gidan sarautar Ostiriya, wanda ya zama sarkin sarakuna a 1711. Wannan aure shi ya ɗaga darajar Shalot, domin duk wanda ya aure ta ya zama surukin Ostiriya.

A lokacin Sarki Pita na Rasha ya karya Suwidin a yaƙin Poltaba a 1709, yana neman sarakunan Turai su ɗauke shi a matsayin tsaransu. Sai ya nema wa ɗansa Aleksi auren Shalot. Aka ɗaura a garin Torgau a watan Oktoban 1711, tana da shekara 17. An yarda ta ci gaba da bin ɗarikarta ta Luta, amma 'ya'yan da za ta haifa su tashi a cocin Rasha.

A 1713 ta isa Sen Pitasbag, birnin da ake kan ginawa cikin fadama. Ta zauna cikin Jamusawan da ta zo da su, ga kuɗin da aka yi mata alkawari ba sa zuwa a kan kari. Mijin nata kuma ya faɗa shaye-shaye, ga tsoron mahaifinsa, ga wata kuyanga, Afrosinya, da ya ajiye. A 1714 ta haifi mace, Nataliya. A Oktoban 1715 ta haifi namijin da ake jira, aka sa masa Pita. Bayan kamar kwana goma zazzaɓin jego ya tafi da ita.

Mai karatu, dubi abin da ya biyo baya. Ranar jana'izarta Sarki Pita ya miƙa wa Aleksi takardar barazanar cire shi daga gadon sarauta. A 1716 Aleksi ya gudu Ostiriya wurin mijin yayar marigayiya. Aka lallaso shi ya dawo, aka yanke masa hukuncin kisa, ya mutu a kurkuku a 1718. Nataliya ta rasu a 1728 tana da shekara 14. Ɗan ya hau gadon Rasha a 1727, agana ta kashe shi a 1730, shi ma yana da shekara 14. Da mutuwarsa zuriyar Romanof ta ɓangaren maza ta yanke.

Mu ma mun san irin wannan aure. Hayatu ɗan Sa'idu na Balda, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya auri Hauwa 'yar Rabeh don ƙulla ƙawance, amma hakan bai hana Fadlallah, ɗan'uwan matar, kashe shi a 1898 ba. Auren da sarakuna suka ƙulla don mulki, mulkin ne ke ci gaba da juya shi.

Littattafan tarihi sun cika shafuka da Pita da gine-ginensa da yaƙe-yaƙensa, Shalot kuwa 'yan layuka ta samu. Kabarinta na nan a majami'ar Bitrus da Bulus ta Sen Pitasbag, kusa da na mijin da bai riƙe ta da daraja ba.