Kafin Ka Sayi Laftof, Tambayi Aikin Da Za Ta Yi

'Yata ta samu gurbi a kwalejin ilimi, ta tasa ni gaba sai na saya mata laftof. Da na zauna lissafin 'yan kuɗaɗena, sai wani tarihi ya faɗo mini.

A 1981 aka fitar da Osborne 1 a Amurka, kwamfutar da ake ɗauka kamar akwati. Nauyinta ya kusa kilo 11, fuskarta inci 5 kacal, kuɗinta dala 1,795. Amma jama'a suka yi ta rububinta, domin ana haɗa ta da manhajoji irin su WordStar ta rubutu da SuperCalc ta lissafi. Wato aikin da take yi suka saya.

Mu marubutan Hausa a jikinmu muka koyi wannan darasi. Kwamfutocin farko ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, har Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro haruffan Rabi'at a shekarun 1990. Na taɓa buga littafi sukutum da su a wani shago, na kai faifan wata kwamfutar da ba ta da su, duk haruffan nan suka rikiɗe. Kwana uku ina gyara. Tsarin Unicode ne daga baya ya raba mu da wannan wahala.

Shi ya sa na ce mata ta fara tambayo malamanta manhajojin da darasinsu ke buƙata, sannan mu shiga kasuwa. Kada mu sayo ado, aiki ya gagara.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.