Keke a Arlit: Daga Baƙin Raleigh zuwa Ɗan Kwatano

Keke ya iso Arlit ta hanyoyi biyu, kowace hanya da irin nata. Daga kudu aka kawo baƙin keken aiki mai nauyi, wanda kasuwannin Kano da Maraɗi da Damagaram suka daɗe da saninsa. Daga arewa kuma, ta Tamanrasset da Assamaka, jefi-jefi Bature matafiyi yakan ɓullo a kan keke mai giya, jakunkuna rataye gaba da baya, tanti ɗaure a kariya. Na farkon ya zauna har ya zama ɗan gari, na biyun kuwa baƙo ne da zamaninsa bai daɗe ba. Buƙatarsu dai ɗaya ce: firam mai jure kaya da gargada, da kayan gyaran da za a iya samu a wurin mai faci na bakin kasuwa.

Garin kansa sabo ne. A shekarun 1960 masu binciken ƙasa na Faransa suka gano uraniyum a yammacin duwatsun Ayar. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, gari ya tashi a 1969, haƙa ta kankama a 1971. Kamfani na biyu, Cominak, an kafa shi a 1974, ya fara fitar da ma'adini daga ramin Akouta a 1978, shi ne kuma ya haifi garin Akokan, ƴan kilomitoci kaɗan daga Arlit. Kamfanonin sun gina wa ma'aikatansu unguwanni masu ruwa da lantarki, suna kuma kai su wurin aiki a mota. A gefen waɗannan unguwanni wani garin ya tsiro, na ƴan tireda da mahauta da teloli da masu neman aikin ƙarfi, yawancinsu Hausawa daga Tawa da Maraɗi da Damagaram, da Buzayen da farin shekarun 1970 ya raba da dabbobinsu. Waɗannan ba su da motar kamfani. A cikinsu keke ya sami gindin zama, musamman bayan da aka kammala kwaltar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, mai tsawon fiye da kilomita 600, wajen 1980.

Keken da suka zo da shi yana da dogon tarihi. Siffarsa ta samo asali daga Ingila, inda John Kemp Starley ya fito da keke mai kaca da ƙafafu masu kusan girma ɗaya a 1885, John Dunlop kuma ya ƙara masa taya mai iska a 1888. Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham shi ya fi kowa cin kasuwar ƙasashen da Ingila ta mallaka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, keke ya zama abin da manomi da malamin makaranta da ɗan kasuwa suke tara kuɗi domin su mallaka. A shekarun 1970 har masana'anta Raleigh ta kafa a Kano. Nijar ƙasar renon Faransa ce, Faransa kuma tana da nata kekunan irin su Peugeot, amma iyaka ba ta taɓa hana kayan Kano shiga Maraɗi da Ƙonni ba, daga can kuma manyan motoci su haura da su arewa.

Ƙirar wannan keke ta dace da ƙasa mai ƙura. Ƙafarsa inci 28 ce, birkinsa na sandar ƙarfe ne wanda ba ya tsinkewa kamar waya, kacarsa tana cikin murfi, giyarsa ɗaya tak. Wani ma sanda biyu gare shi a saman firam domin ɗaukar kaya. Duk abin da ya lalace a jikinsa ana gyara shi da sifana da guduma da ɗan man shafawa, in firam ya tsage kuma mai walda ya ɗinke shi. Da shi ake ɗaukar jarkokin ruwa, da buhun gawayi, da burodi, da ganye daga lambunan bayan gari. Iyakarsa yashi. Inda ƙasa ta yi laushi sai mai keke ya sauka ya tura, saboda haka bai taɓa ƙwace aikin raƙumi da jaki a daji ba. Abin hawan cikin gari ne, da tsakanin Arlit da Akokan.

Labarin matafiya daban ne. Tun kafin a san da Arlit, wani ɗan ƙasar Foland mai suna Kazimierz Nowak ya ratsa Afirka daga Tarabulus zuwa ƙarshen kudu ya komo Aljas tsakanin 1931 da 1936, amma ko shi a dawowarsa raƙumi ya hau a wani dogon yanki na Sahara. Zamanin da hanyar Hoggar, wato ta Tamanrasset, ta cika da baƙi shi ne shekarun 1970 da 1980. Tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya tashi a ƙarshen Disamban 1978, ta Tamanrasset da Agadas ya bi. Samarin Turai suna tuƙo tsofaffin Peugeot 404 da 504 su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, su koma gida a jirgi. A cikin wannan ayari masu keke ƴan ƙalilan ne, domin hanyar ba ta wasa ba ce: kusan kilomita 400 daga Tamanrasset zuwa In Guezzam, sannan wajen kilomita 200 daga Assamaka zuwa Arlit, a lokacin kusan duka babu kwalta, sai alamun ƙarfe da aka kakkafa da sawun manyan motoci. Lokacin tafiyar daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, kuma mai zuwa daga arewa ya fi samun sauƙi saboda iskar hunturu tana tura shi ta baya. Arlit ce gari na farko da zai tarar da kasuwa sosai da mai walda da kwalta.

A nan ne zancen firam ya zama babba. Masu doguwar tafiya sun daɗe suna fifita firam na ƙarfe, musamman na bututun Reynolds 531 da aka fara yi a Ingila a 1935, wanda ke da ƙarfi ba tare da nauyi ba. Firam na alminiyum ya fi shi rashin nauyi, amma in ya tsage yana buƙatar na'urar walda ta musamman da ba a cika samu a garuruwan hamada ba. Kariya ma haka: girgizar hanya takan karya ta a wurin haɗi, ta ƙarfe kuma ita ake iya gyarawa nan take. Daga 1981, lokacin da aka fara ƙera keken hawan dutse da yawa a kasuwa, matafiya suka koma gare shi, saboda faɗin tayarsa mai inci 26 ya fi riƙe yashi, in an ɗan rage mata iska.

Kayan zango kuwa ruwa ne yake yanke hukunci a kansu. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 20 ta fi keken kansa nauyi, ga shi rijiyoyi suna da nisa da juna. Shi ya sa mai keke a wannan hanya ya dogara da direbobin manyan motoci, waɗanda al'adarsu ce su tsaya su shayar da wanda suka tarar a sarari. Risho mai amfani da fetur ko kananzir ya fi mai tukunyar gas amfani, tunda mai ana samunsa ko'ina. Tanti ba don ruwan sama ake kafa shi ba, don iska ne da sanyin dare. Matafiyi mai lura yakan ɗauki darasi daga Buzaye, waɗanda ayarinsu na gishiri yake ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma da salka da bargo da butar shayi, suna gasa gurasarsu a cikin yashi da garwashi, suna kare fuska da rawani.

Zamanin matafiyan ya ƙare da sauri. Tawayen Buzaye ya ɓarke a 1990, rikicin Aljeriya ya biyo baya a 1992. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Afrilun 1995 ta ɗan dawo da baƙi yankin Agadas, sai aka sace Turawa 32 ƴan yawon buɗe ido a Saharar Aljeriya a 2003, tawaye na biyu ya tashi a 2007, a Satumban 2010 kuma aka ɗauke mutum bakwai masu alaƙa da aikin ma'adini a cikin Arlit kanta. Masu ratsa Sahara a keke suka koma hanyar bakin teku ta Maroko da Muritaniya.

Keken gari shi ma ya sauya. Farashin uraniyum ya faɗi a shekarun 1980, kamfanoni suka rage ma'aikata, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Sabon Raleigh ya fi ƙarfin talaka, Phoenix ta Sin da kekunan Indiya irin su Hero suka maye gurbinsa da siffa iri ɗaya a farashi mai sauƙi. Bayansu kayan gwanjo suka shigo. Tashar jiragen ruwa ta Kwatano da ake fitar da uraniyum ta cikinta a lokacin ita ce ƙofar da tsofaffin motoci da kekunan Turai suke shigowa, har keken hawan dutse da a da sai a hannun Bature ake ganinsa ya zama na ɗan makaranta. Mai saye da ya san abin da yake yi firam yake fara dubawa: ya tsaya ta baya ya ga ko ƙafafun biyu suna kan layi ɗaya, ya duba wuyan keken ko fenti ya tattare, alamar an taɓa yin karo da shi, ya ɗora maganaɗisu ya bambance ƙarfe da alminiyum. Raunin ɗan Kwatano yana wurin giya, domin ƙura tana cinye ta, kayan gyaranta kuma iri-iri ne. Sau da yawa mai gyara yakan cire ta, ya rage tsawon kaca, ya mayar da keken mai giya ɗaya kamar na da. Daga shekarun 2000 baburan Sin masu arha suka janye masu ɗan hali, keke ya rage wa yara da masu talla da ƙananan ma'aikata.

Yau garin yana cikin wani sauyin. An rufe Cominak a ƙarshen Maris 2021, iyakar Nijar da Benin ta toshe bayan juyin mulkin Yulin 2023, gwamnati kuma ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa a Yunin 2025. Duk lokacin da kuɗi da sabon kaya suka yi ƙaranci, aikin mai faci da mai walda yakan ƙaru, tsohon ƙarfe kuma ya yi daraja. A Arlit wannan yana da haɗarin da babu shi a sauran garuruwa. Binciken da ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa ta yi a 2003, da na Greenpeace a 2009, tare da ƙungiyar gida Aghir In'Man, ya gano ƙarafa masu ɗauke da gubar uraniyum da suka fito daga wuraren haƙa ana sayar da su a kasuwa. Maƙeri ba ya iya gane irin wannan ƙarfe da ido. Wajibi ne hukuma da mahaƙa su riƙa auna kowane tsohon ƙarfe kafin ya fita daga harabar ma'adini ya isa hannun masu walda da masu gyaran keke.