Miyar Kabewa da Shirun Wani Uba Ɗan Haiti

Ɗan uwa mai karatu, yau ƙasar Haiti za mu leƙa, wadda ke tsibiri guda da Jamhuriyar Dominika a tekun Karibiyan. Dalili kuwa, a lokacin da nake karatun Larabci a Alƙahira, wata 'yar ajinmu haifaffiyar Amurka, amma iyayenta 'yan Haiti, ta ba ni labarin da ya tilasta mini komawa ga tarihin ƙasar.

A 1957 wani likita mai suna François Duvalier, wanda ake wa laƙabi da Papa Doc, ya hau mulki. A 1964 ya naɗa kansa shugaba na har abada. Makaminsa shi ne rundunar 'yan daba da jama'a ke kira Tonton Macoute, wato Baffa Mai Buhu, sunan dodon da ake tsorata yara da shi, wai yana jefa marar ji a buhu. Sai dai wannan dodo na gaske ne. Wanda ya ɗauka, galibi kurkukun Fort Dimanche da ke Port-au-Prince ake kai shi, kuma kaɗan ke fitowa. Da Papa Doc ya mutu a 1971, ɗansa Jean-Claude ya gaje shi yana ɗan shekara 19, har boren jama'a ya kore shi zuwa Faransa a Fabrairun 1986. Ya dawo a 2011, ya mutu a 2014 ba a yanke masa hukunci ba.

A wannan zamani mahaifin 'yar ajin tamu ya tsere zuwa Amurka. Ta ce ta tashi ta same shi mutum mai tsanani, ba ya hira, ba ya yarda a ambaci siyasa a kan abinci, baƙo kuma ba ya wuce bakin ƙofa. Ita ta ɗauka ƙiyayya ce. Da ta girma ta bar gidan, suka shekara 6 ba gaisuwa.

Abin da ya haɗa su miya ce. Mutanen Haiti na shan miyar kabewa mai suna joumou kowace ranar 1 ga Janairu, ranar da suka samu 'yanci daga Faransa a 1804. Ana cewa a zamanin bauta bayi ke dafa ta, amma an haramta musu ɗanɗanawa. Kabewa ce da naman shanu, kabeji, karas, dankali da taliya. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin gadon al'adun duniya.

Bayan rasuwar mahaifiyarta, ta gwada dafawa, miyar ta ƙi. Dole ta buga wa tsohon waya. Bai faɗa mata komai ba, sai ya zo da wuƙarsa. Yana feren kabewa, kansa a sunkuye, ya ce yana yaro yayansa ya yi wa Duvalier ba'a a kan irin wannan miya, shi kuma ya maimaita wa maƙwabci don a yi dariya. Bayan kwana 3 aka tafi da yayan, ko gawarsa ba a gani ba.

A ganina, littattafan tarihi sun ƙware wajen ƙirga waɗanda aka kashe, amma ba su cika ƙirga irin wannan uba ba. Ta ce ba ta iya cewa uffan ba, sai ta miƙa masa gishiri. Ya ɗanɗana, ya ce ta cika ruwa, shi ya sa.