Kayan Adon 'Yan Tsana Da Yadda Ake Yanke Musu Kuɗi

Kowa ya san 'yar tsana. A garuruwanmu yarinya takan sami ƙashi ko kara, ta naɗa masa tsumma, ta ɗaura masa tsakiya a wuya, ta goya shi tana yawo. Ba mai tambayar kuɗin wannan ado, don ba saye aka yi ba. Amma a Turai akwai wata irin 'yar tsana dabam, mai siffar cikakkiyar mace, wadda ake yi wa ɗinki irin na manyan mata. Har akwai masu sana'ar ƙera mata sarƙa, da 'yan kunne, da awarwaro, waɗanda in an tara su duka ba za su cika tafin hannu ba. To, nawa ya kamata a biya mai irin wannan aiki? Wannan tambaya ta daɗe tana wahal da mutane, kuma tarihinta yana da abin koyi ga duk mai ci da hannunsa.

Asalin abin daga Faransa ne. Wajen ƙarshen ƙarni na 14, a cikin littafin kuɗi na fadar Sarki Charles na 6, an rubuta cewa an biya wani telan fada mai suna Robert de Varennes fiye da fam 400 na kuɗin Faransa na wancan zamani, saboda 'yan tsana da tufafinsu da aka aika wa Sarauniyar Ingila. A lokacin babu hoto, babu jarida. In sarauniya tana so ta nuna wa wata irin ɗinkin da ake yayi a fadarta, sai ta sa a ɗinka shi a jikin 'yar tsana, a aika, gama gani ya kori ji. Kuɗin kuwa daga baitulmalin sarki ya fito, ba a yi tayi ba, ba a yi ciniki ba.

Cikin ƙarni na 17 da na 18 abin ya zama al'ada. Mutanen Faris suka riƙa shirya 'yan tsana iri biyu, ana kiransu Babbar Pandora da Ƙaramar Pandora. Babbar takan nuna kwalliyar shiga fada, ƙaramar kuwa ta zaman gida. Akan yi musu kitso, a sa musu takalma da kayan ado, a aika da su Landan da sauran manyan birane. Ko da Ingila da Faransa suke yaƙi da juna, tsakanin 1702 da 1713, ba a daina aikawa ba. Cikin 1712 jaridar Spectator ta Landan ta ba da labarin wata da ta iso wani kanti a unguwar Covent Garden, alhali yaƙin bai ƙare ba. Daga baya Rose Bertin, mai ɗinki ga Sarauniya Marie Antoinette, ita ma ta yi ta aika irinsu zuwa fadodin Turai.

A nan sai mai karatu ya lura da abu guda. Ita wannan 'yar tsana talla ce. Mace takan dube ta, ta ga sarƙar da ke wuyanta, ta ce a ƙera mata babba irinta. Watau wahalar da aka sha wajen ƙera ƙaramar, a cikin kuɗin babbar ake fanshe ta. Saboda haka shekaru wajen ɗari huɗu ana wannan aiki, amma ba a saba yanke masa kuɗi na kansa ba. Da jaridun ɗinki masu zane suka fito, kamar Cabinet des Modes cikin 1785, sai aka ga takarda ta fi araha, ta fi saurin tafiya, aikin Pandora ya ja baya.

Sai wajen 1860 'yar tsana mai siffar mace ta dawo, a wannan karo ta zama abin wasan 'ya'yan attajirai. Gidajen sana'a na Faris, irin su Huret da Jumeau da Bru, suka riƙa yin ta da kai na tangaran, tsawonta yawanci kamar inci 18. Aka buɗe kantuna da ba su sayar da komai sai kayanta: laima, da mafici, da safar hannu, da agogo, da sarƙa, da 'yan kunne. Cikin 1863 har aka fara buga wa 'yan mata jarida mai suna La Poupée Modèle, tana koya musu yi wa 'yar tsana ɗinki. A wannan zamani ne ƙaramin ado ya hau tebur da kuɗinsa rubuce. Amma don kada ya yi tsada, galibi da tagulla ake yinsa a shafa masa ruwan zinariya, a jera masa duwatsun gilashi. Masu yi kuwa ƙananan ma'aikata ne, da yawansu mata masu aiki a gida, ana biyansu gwargwadon yawan abin da suka gama. Sunan mai kanti aka sani, nasu ya ɓace.

Manyan maƙeran Faris ba sa sa hannu cikin ƙaramin aiki sai da babban dalili. Cikin 1938, sa'ad da Sarkin Ingila George na 6 ya ziyarci Faransa, an ba 'ya'yansa mata biyu, Elizabeth da Margaret, kyautar 'yan tsana biyu da sunan yaran Faransa. Sunayensu France da Marianne. Manyan gidaje irin su Lanvin da Hermès da Cartier ne suka yi musu kaya. Wannan kyautar ƙasa ce, ba a kai ta kasuwa ba balle a ji tayinta.

Babban labari a cikin wannan tarihi shi ne na 1945. An kori sojan Jamus daga Faris cikin Agusta 1944, amma gari ya talauce. Ga sanyi ba gawayi, ga ƙarancin yadi da fata da zare. Teloli suna tsoron kada duniya ta ɗauka Faris ta mutu, ciniki ya koma wani wuri. Sai ƙungiyarsu, wadda Lucien Lelong ke shugabanta, ta karɓi shawarar Robert Ricci, cewa tun da ba yadin da zai ishi mutane, a ɗinka wa 'yan tsana. Aka ƙera su da waya, da kawuna na farar ƙasa, kowace tsawonta inci 27, watau kamar sulusin mutum. Sun fi 200. Kowace riga an yi mata shafi, da aljihu na gaske, da maɓallai masu ɓalluwa. Gidajen Cartier da Van Cleef & Arpels suka ƙera wa waɗansunsu kayan ado na ainihi.

Aka buɗe nunin a ƙarshen Maris 1945 a wani sashe na gidan tarihi na Louvre, aka sa masa suna Théâtre de la Mode, watau dandalin wasan ado. Mutum wajen 100,000 suka zo kallo, aka tara faranka miliyan ɗaya, watau zambar dubu, don taimakon waɗanda yaƙi ya tagayyara. Daga nan aka zaga da su Landan da Basalona da waɗansu birane, cikin 1946 aka haye da su Amurka, Niyok da San Faransisko. Da biki ya ƙare, sai aka cire kayan adon masu daraja aka mayar Faris. Su kuwa 'yan tsanan da tufafinsu aka bar su a ajiye a wani kanti a San Faransisko, har 1952, sa'ad da gidan tarihi na Maryhill, a jihar Washinton, ya karɓe su.

Dubi wannan al'amari, jama'a. Abin da ake iya ɗorawa a ma'auni, shi aka yi maza aka tsare. Abin da yatsu suka yi wata da watanni suna yi, shi aka bari a baya. Wannan ita ce cutar da ke damun mai ƙaramin aiki ko'ina: idon mai saye ya san nauyi, ya san girma, amma bai iya auna wahala ba.

Cikin Maris 1959 wata mata a Amurka, Ruth Handler, ta kamfanin Mattel, ta fito da 'yar tsana ta roba mai suna Barbie, tsawonta inci 11 da rabi, watau kashi ɗaya cikin shida na mutum. Kuɗinta dala 3, da 'yan kunnenta a kunne. A Japan aka yi na farko, mata masu aiki a gida ne suka ɗinka tufafinsu. A shekarar farko an sayar da wajen 300,000. Tun daga nan masana'anta ta saba wa mutane da araha. Yaran da suka yi wasa da ita suka girma, waɗansu suka zama masu tara 'yan tsana don sha'awa, suna neman adon da ba kowa ke da shi ba. Su ne masu sayen aikin hannu. Amma da an faɗi kuɗi sai mutum ya ce, “Yaya sarƙar za ta fi 'yar tsanar tsada?”

Amsar tana cikin lissafi, kuma duk wanda ya iya sau zai gane. In aka rage abu zuwa kashi ɗaya cikin shida, ba tsawonsa kaɗai ke raguwa ba, har faɗinsa da kaurinsa. Shida sau shida, 36. Talatin da shida sau shida, 216. Watau in sarƙar mace ta ci azurfa giram 216, irinta ta Barbie giram ɗaya tak za ta ci. Na 1945, masu sulusin mutum, kashi ɗaya cikin 27 ne. To, ƙarfe ya ragu, amma aiki fa? In babbar tana da ƙawanya sittin, ƙaramar ma sittin ne, kowace sai an lanƙwasa ta, an rufe bakinta. Ga shi kuwa yatsa ba ya iya riƙe ta sai da hantsaki, ido ba ya ganinta sosai sai da gilashi mai ƙara girma. Wutar da za ta liƙe babbar ƙawanya, ita za ta narkar da ƙaramar. Wadda ta faɗi ƙasa kuwa, sai a yi mata addu'a.

Akwai kuma wani abin da ya hana a yi da ƙarfen banza. Masu tara tsofaffin Barbie sun ga cewa 'yan kunnen da aka bari shekara da shekaru a jikinsu sukan yi tsatsa, su rina kunne da kumatu kore, ya ƙi fita. Don haka mai aikin kirki dole ya nemi ƙarfen da ba ya ɓata roba. Gaskiyar masu iya magana, araha ba ta ado.

Maƙeran farfaru na ƙasarmu sun san raba kuɗin ƙarfe da ladan ƙira. A babban aikin zinariya, ƙarfe ne ke cin yawancin kuɗi, lada ya biyo baya. A ƙaramin aiki abin juyewa yake yi. Wanda bai gane haka ba, ya ce zai ninka kuɗin kaya sau biyu ko sau uku ya sayar, ya yi wa mutane bauta kyauta.

Hanyar da ta fi ita ce a rubuta abu huɗu. Na farko kuɗin kaya, har da wanda ya ɓata ko ya lalace. Na biyu ladan hannu, a ƙidaya awa nawa aka yi, a ba kowace awa kuɗin da zai ciyar da mutum a inda yake zaune. Na uku ɗawainiya, watau kayan aiki, da fitila, da akwatin sawa, da kuɗin aikawa, da la'adar dillali. Na huɗu riba, wadda da ita sana'a ke girma. Ga misali. A ce kaya sun ci dala 2, aiki ya ci awa 3, kowace awa dala 10, ya zama 30, ɗawainiya dala 4, riba dala 4. Jimla dala 40. Wanda ya ninka kuɗin kaya sau uku zai sayar dala 6, ya koma gida yana murna ya sami ribar 4, alhali ɗawainiya ta riga ta cinye ta, awa ukun nan kuwa sun tafi a banza. Irin wannan mutum bayan shekara guda yakan bar sana'a, ya ce ba albarka a cikinta, bayan ya karya wa 'yan'uwansa kasuwa.

Kada kuma a ruɗu da labarin manyan kuɗi. Cikin Oktoba 2010, a gidan gwanjo na Christie's a Niyok, an sayar da wata Barbie dala 302,500. Wani maƙerin Ostireliya, Stefano Canturi, shi ya yi mata abin wuya mai ɗauke da daimon ruwan hoda. Amma abin da aka biya a nan darajar dutse ce, da suna, da niyyar taimako, gama kuɗin an ba da shi ne don binciken ciwon dajin nono. Ba ma'auni ba ne ga mai aiki a kan teburinsa.

Ke nan, in muka waiwaya, za mu ga sarki ya biya don girma, tela ya biya don talla, ƙasa ta biya don kyauta, masana'anta ta rufe kuɗin da yawan abin da take bugawa. Mai aikin hannu shi kaɗai ba shi da baitulmali, ba shi da injin da zai rufa masa asiri. Abin da yake da shi lokacinsa ne da hasken idonsa, su kuwa in sun tafi ba sa dawowa. Don haka, ɗan'uwa, ko kai maƙeri ne, ko baduku, ko mai ɗinkin hula, tun da Allah ya sa ka iya rubutu da lissafi, sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta awannin da kowane aiki ya ci. In mai saye ya rena aikinka don ƙanƙantarsa, buɗe masa littafin, ka tuna masa cewa komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.