Yadda Ingila Ta Riƙa Kora Fursunoninta Zuwa Ƙetare

A ƙarni na 18, dokar Ingila tana yanke hukuncin rataya a kan laifuffuka da yawa, har da ƙaramar sata. Alƙalai ba sa son su rataye kowane ɓarawo, gidajen yari kuma ba su da yawa. Don haka a shekarar 1718 aka kafa dokar da ta ba kotuna ikon tura mai laifi ƙetare, yawanci na shekara 7 ko 14. 'Yan kasuwa ne suke ɗaukar fursunonin a jiragen ruwa, su kai su Maryland da Virginia, su sayar da ƙwadagonsu ga masu gonakin taba. Mutum wajen 50,000 aka kai Amurka ta wannan hanya.

Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke a 1775, sai ƙofar ta rufe. Gwamnati ta koma tsare fursunoni a cikin tsofaffin jiragen ruwa a kan kogin Thames, cututtuka suna ta kashe su. An gwada Afirka ta Yamma. A 1782 an kai wasu gaɓar da yanzu take ƙasar Ghana, aka sa su aikin soja a sansanonin fataken bayi. Zazzaɓi ya kashe da yawa, wasu suka gudu. An yi shawarar wani tsibiri a kogin Gambiya, aka fasa. A ƙarshe dai aka tsaya a kan Ostireliya.

Jirage 11 suka tashi daga Portsmouth a watan Mayu na 1787 a ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip, ɗauke da fursunoni fiye da 700, maza da mata. Sun isa a Janairun 1788, kuma kaɗan ne suka mutu a hanya. Amma ayari na biyu, na shekarar 1790, shi ya tona asirin tsarin. An ba kamfanin Camden, Calvert da King kwangilar, kamfanin da ya saba jigilar bayi. Ana biyansa kuɗi ne a kan kowane mutum da aka loda, ko ya isa da rai ko bai isa ba. Bawa yana da daraja a wurin ɗan kasuwa domin zai sayar da shi. Fursuna kuwa in ya mutu, abincinsa ya zama riba. Aka ɗaure su da mari a ƙasan jirgi, aka hana su abinci. Cikin mutum kimanin 1,000, fiye da 250 sun mutu a teku. Daga baya ne aka fara sa likita a kowane jirgi, ana kuma ba da lada a kan wanda ya sauka lafiya.

Yawancin waɗanda aka kora ɓarayi ne talakawa, sai 'yan tawayen Ayalan, da irin leburorin gona shida na Tolpuddle da aka hukunta a 1834 saboda rantsuwar ƙungiya. Mai ladabi yakan sami takardar sassauci ya yi aikin kansa, wasu ma sun yi arziki. Ƙasar da aka raba musu kuwa ta mutanen asali ce, ba a tambaye su ba.

Jirgi na ƙarshe ya isa Fremantle a Janairun 1868. A lokacin an riga an kai mutum kimanin 162,000.