Kamanni da Asali a Rabe-raben Oniscidea: Matsalar Huhu da Dunƙulewa

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda ake rarraba isofod na tudu, wato rukunin Oniscidea, da yadda suka bazu a duniya. Hujjarta ita ce, siffofin da suka ba waɗannan halittu damar jure rashin ruwa sun ɓullo fiye da sau ɗaya a zuriyoyi daban-daban, saboda haka ba su isa zama shaidar dangantaka ba.

Gabatarwa

Oniscidea ƙananan halittu ne da ke fakewa ƙarƙashin dutse da ruɓaɓɓen ganye a wuri mai laima. Ana ɗaukarsu ƙwari, alhali dangin ƙaguwa da jatan lande ne. Ƙafa bakwai gare su a kowane gefe, kuma macen tana riƙe ƙwai cikin wata jaka mai ruwa a ƙarƙashin jikinta har su ƙyanƙyashe. Kundin da Helmut Schmalfuss ya wallafa a 2003 ya lissafa nau'i fiye da 3,500, an kuma ci gaba da gano sababbi.

Rabe-rabe

An kasa su gida biyar: Diplocheta, Tylida, Microcheta, Synocheta da Crinocheta. Na ƙarshen ya kwashe kusan kashi 80 cikin 100 na nau'o'in, kuma a cikinsa ne ake samun waɗanda suka fi nisa da ruwa.

Tun daga tushe ake gardama. A 2019 Dimitriou da Taiti da Sfenthourakis sun nuna cewa ƙwayoyin gadon Ligia, ɗan wannan rukuni mazaunin duwatsun gaɓar teku, sun fi kusa da na wasu isofod na cikin teku. In haka ne, hawa tudu ya faru fiye da sau ɗaya ke nan. Binciken Thomas Thorpe na 2024, wanda ya yi amfani da ƙwayoyin gado masu yawan gaske, ya mayar da rukunin ga kaka guda. A ganina wannan ya fi nauyi, domin ƙwayoyin gado kaɗan sukan ruɗi mai nazarin tsohon reshe.

Babbar matsalar tana can sama a rassan. Ligia da yawancin Synocheta ba su da huhu, da gaɓoɓin ƙarƙashin ciki da fatar jiki suke numfashi, dole su zauna cikin laima. Porcellio da Armadillidium kuwa suna da huhu biyu-biyu a kowane gefe, fararen ɗigo da ido ke gani. Sai dai Tylos, wanda reshensa ya rabu tun da wuri, shi ma yana da huhu, mai gini dabam. Haka zancen dunƙulewa kamar bushiya: iyalan Armadillidae da Armadillidiidae da Tylidae duk suna yi, ba don sun gada daga wuri ɗaya ba. Kama da wane ba ta wane. Shi ya sa masana suka fi dogara ga sassan baki da gaɓoɓin barbarar namiji wajen tantancewa.

Bazuwa

Yankin Bahar Rum na daga cikin inda nau'o'i suka fi yawa, musamman a kogunan dutse da tsibirai, inda nau'i ɗaya kan taƙaita ga wuri guda. Iyalin Eubelidae galibi na Afirka mai zafi ne da Tsibirin Larabawa. Hemilepistus reaumuri, na hamadar Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba huhu kaɗai ya riƙe shi ba: namiji da mace ɗaya ne ke haƙa rami mai laima, suna tsaron bakinsa, suna ciyar da 'ya'ya a ciki.

Akwai kuma waɗanda ɗan Adam ya yaɗa cikin ƙasar shuka da kayan jiragen ruwa. Armadillidium vulgare ɗan Bahar Rum ne, amma yau ya cika lambunan Amurka da Japan da Ostareliya, kamar yadda Porcellionides pruinosus ya bi juji da takin gargajiya zuwa kusan kowace nahiya. Duk mai zana taswirar asalin wani iyali sai ya fara ware irin waɗannan baƙi daga lissafinsa.