Daga Tsamiyar Garkida zuwa Tampa

A ranar 17 ga Maris, 1923, Stover Kulp da Albert Helser, 'yan mishan daga Amurka, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya a Garkida. Daga wannan inuwa Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta tsiro, Zumuntar Mata kuma ta zama ƙashin bayanta. A cikin wannan ekklesiya na girma. Har gobe ina ganin mahaifiyata sanye da zanin zumunta, tana dukan bakin tulu, mata suna amsa waƙa.

Shekara da shekaru mu ne masu karɓar baƙi daga Amurka. Sai ga 2014. Aka sace 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan wannan ekklesiya, a watan Oktoba kuma Boko Haram suka mamaye hedkwatarmu a Kwarhi.

A 2015 mawaƙan Zumuntar Mata suka ƙetara teku zuwa Amurka. Suka bi majami'un 'Yan'uwa jiha bayan jiha, suka rera waƙa da Hausa a babban taron shekara a Tampa. Iyayenmu mata, da baƙin cikinsu a zuci, su suka mayar da ziyarar Garkida. Zumunci a ƙafa yake.